Albasar Kura a Gonar Kaka

Tasawa, watan Maris

Baban Safa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da 'yarka, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya Bilma, yaya ɗalibai, yaya haƙuri da mu? Ciwon bayan nan ya sake ka, ko har yanzu kana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa? Mu dai lafiya lau, sai godiya. Safa ta fito da haƙoran sama, duk abin da ta samu sai ta gwada su a kai.

Ka ce in daina wahalar rubutu, in riƙa aiko murya ta waya. Na ji, amma ba zan bi ba. Layinku na can sai ranar da ya ga dama yake aiki, ni kuma maganar da ke cikina ba irin wadda ake gutsurawa ba ce. Direban da ke zuwa Agadas ya ce zai riƙa miƙawa, kai dai naka karatu.

Ga labari. Malamin filo, wato falsafa, na lisenmu, sakandaren da nake koyarwa, an mayar da shi Maraɗi, ga 'yan tarminal, ajin ƙarshe, ga jarrabawar bak ta gama sakandare tana tahowa. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce in riƙe su, wai ai ni matar malamin filo ce. Ka ji fa, kamar a tukunyar tuwo ake ɗibar ilimin. Na so in tuna masa cewa ni tarihi na karanta, sai na ga yaran nan ba su da kowa, na ce na karɓa. Ka kuwa san ni, in na ce na karɓa, to na karɓa.

Babin da ya rage musu shi ne wanda yake magana a kan gaskiya. Na buɗe takardunka na darasi, na tarar da rubutunka kamar tonon kaza, na mayar. Sai na hau kujera na sauko da littafin Bajamushen nan, wanda ka ɗora can sama ka ce ko a jami'ar Yamai zagaye shi ake yi. Malam, na ga tikitin motar da ka sa alama da shi. Bai yi nisa da bangon farko ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma na gani.

Gaskiyarka, mutumin yana da wuya. Jimla ɗaya sai ta fita da safe, ba ta dawo ba sai la'asar. Kalmomin ma nasa ne, shi ya ƙera abinsa, ƙamus bai san da su ba. Kwanakin farko na yi ta zaginsa a zuci. Daga baya na samo dabara: in karanta kaɗan, in rufe littafin, in faɗa wa Safa abin da na ji da Hausa. Abin da ya ƙi fitowa da Hausa, to ban gane shi ba, sai in koma. Safa ba ta musu, ban taɓa samun ɗaliba mai ladabinta ba.

Ga abin da na samu zuwa yanzu, ka gyara mini in na kauce. Mu abin da muka sani, gaskiya ita ce magana ta dace da abin da ake magana a kai. In ce akwai ruwa a randa, ka leƙa ka ga ruwa, na yi gaskiya. Shi bai musa wannan ba. Cewa yake yi, kafin ka iya gwada maganata da ruwan, ai sai an ɗaga faifan, haske ya shiga, ruwan ya fito fili. Wannan fitowar, a wurinsa, ita ce uwa, dacewar magana kuwa 'ya ce. Na ce ikon Allah, duk kaurin littafin nan a kan ɗaga faifai! Amma abin ya zauna mini a rai.

Yanzu ga abin da ya fi littafi nauyi. Ka san gonar arewa ta garinmu Maijirgi, wadda Kaka ya bar wa Baba da ƙanensa, Baba Cindo. Ba su taɓa raba ta ba, gandu ɗaya suke nomawa, har Baba Cindo ya tafi Libiya ya daɗe, Baba ya ci gaba da noma duka yana auna wa iyalinsa rabonsu. To ya dawo, 'ya'yansa sun girma, yana son gefensa. Babu wanda ya hana. Kafin Kaka ya rasu ya nuna musu iyaka da sandarsa, daga wani suri a arewa zuwa hanyar amalanke a kudu, yamma ta Baba, gabas ta Baba Cindo. Surin ya baje tun kafin a haife ni. Baba ya ce nan yake, Baba Cindo ya ce a'a, can yamma yake. A tsakanin nunin nasu kuwa akwai kwarin nan da ruwa ke kwanciya, inda gero ya fi kyau a duk gonar.

Mai gari ya zaunar da su, abin ya ƙi. Cikin fushi Baba Cindo ya ce in yayansa zai dafa Alƙur'ani, ya bar masa. Baba ya ce zai dafa. An tsayar za a yi kafin ruwa ya sauka, don kowa ya shuka nasa.

Ni ba na shakkar Baba, tunda nake ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Amma ka san abin da rantsuwa take yi wa gida. Daga ranar, kwano ya rabu, kuma ko zazzaɓi wani ya yi sai gari ya ce ga ta nan ta fara ci. Zan je ranar Asabar in gani da idona.

Ka kula da cin abinci, kada ka ce dabino ya isa. Safa na gaishe ka da ihu.

Taka,
Hafsatu


Tasawa, watan Afrilu

Baban Safa,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta na sake karantawa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aiki. Yaya zafi? In naku ya kai namu, to Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya. Safa ta yi ɗan mura, ta warke.

Ka ce tikitin na zagaye na biyu ne, ka riga ka gama littafin ka sake farowa. To, na yarda. Mace ta gari ba ta bincike.

Na je Maijirgi. Baba ya kai ni gonar da safe, ya tsaya, ya buga ƙafa ya ce nan surin yake, har ya kwaikwayi yadda Kaka ya ɗaga sanda. Da yamma Baba Cindo ya kai ni, ya wuce wurin Baba ya yi yamma, ya tsaya, ya buga ƙafa, ya ɗaga hannu daidai yadda Baba ya ɗaga. Ni kuma na duba ƙasa ban ga komai ba sai rairayi da tushiyar karan bara. Na kalli idon kowannensu da kyau. Wallahi babu maƙaryaci a cikinsu.

Wannan shi ya tsorata ni. Da ƙarya wani ke yi, da sauƙi, ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma mutum biyu masu gaskiya, kowa yana ganin surinsa a zuci, dole ɗaya ya kuskure bai sani ba. In kuwa Baba ne fa? Zai yi alwala, ya dafa Littafin Allah da zuciya ɗaya, a kan abin da ba haka yake ba. Na dawo Tasawa kaina yana sarawa.

Kada ka yi dariya, Bajamushen naka ne ya buɗe mini hanya. Na kai wurin da yake cewa abu ba sai an ɓoye shi yake ɓuya ba. Sabo ma yana rufe abu. Abin da ke hannunka kullum, kana aiki da shi, shi ne ba ka gani. Kuma in ka zo wa abu da tambayar da ba tasa ba, shiru zai yi maka. Na rufe littafin, na faɗa wa Safa da Hausa, sai na ji maganar ta dawo kaina. Tun da aka fara rigimar nan tambaya ɗaya ake yi, wa ya fi tunawa. Babu wanda ya tambayi gonar. Kaka kuwa, yadda ake ba mu labarinsa, mutum ne da ko akuya zai ɗaure sai ya ƙulla igiya ya sake ƙullawa. Irin wannan ne zai bar iyakar 'ya'yansa a iska, a bakin sanda kawai?

Na tambayi Inna, ta ce ita ba a kawo ta gidan ba tukuna a lokacin, amma in nemi Gwaggo Hassana, autar su Baba, wadda take bin Kaka duk inda ya sa ƙafa. Tana aure a Baudeta. Duk zaman da aka yi babu wanda ya kira ta, wai maganar gona ba ta mata ba ce. Ranar kasuwa na hau mota na je.

Da na yi mata tambayar, dariya ta fara yi. Ta ce ita ba ta san wani suri ba, abin da ba za ta manta ba shi ne ƙaiƙayi. Wata shekara, su Baba suna wurin cin rani, Kaka ya ɗora mata ƙwarya cike da albasar kura ya ce ta biyo shi gona. Yana haƙa rami har gwiwar hannu, tana miƙa masa yana binnewa, suna tafiya. Hannunta ya kwana yana ƙaiƙayi, ta murza ido, ta sha kuka, aka ƙara mata da faɗa. Na ce a ina aka binne? Ta ce ita yarinya ce, ina za ta sani, a gona dai.

Kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. Albasar kura dabba ba ta cin ta. Da rani ganyenta ya bushe, ita kuma ta kwanta can ƙasa, in ruwa ya sauka ta tsiro. Hauyarmu ta tsaye kuwa saman ƙasa kawai take shafa, ba ta nitsawa. Ka ga ke nan, mai yiwuwa duk shekara tana fitowa, a noman fari a aske ta tare da ciyawa, don gonar ɗaya ce, babu mai neman layi a cikinta. Ni kaina wataƙila na sha taka ta ina kai wa su Baba fura.

Ko tana raye bayan shekarun nan, Allah ne masani. Amma na san abin yi. A ɗage rantsuwar sai bayan ruwa, a bar kwarin kada a shuka, kada hauya ta taɓa shi. Ba a buƙatar shaida, ba a buƙatar takarda, sai dai mutane su janye hannu. Zan koma in faɗa wa Baba, kuma ina da tabbacin zai ji ni.

Ka yi mana addu'a. Ka gaida mai gidan da kake haya, wanda ka ce yana ba ka shayi.

Matarka mai taurin kai,
Hafsatu


Tasawa, ƙarshen watan Mayu

Baban Safa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta ɗalibanka. An ce ku ma kun shiga bita, Allah ya ba yaran sa'a, naku da namu. Mu lafiya, sai dai hadari yana ta haɗuwa da yamma yana watsewa.

Na ce maka Baba zai ji ni. To, bai ji ni ba. Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan, yana saurare har na gama. Sai ya ce ashe ya kai lokacin da 'yar cikinsa za ta jira ciyawa ta ba da shaida a kansa. Na ce ba ƙarya na ce yana yi ba. Ya ce to me na ce? Na rasa yadda zan raba masa ƙarya da kuskure ba tare da na ƙara yanka shi ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Tun ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ban ɓoye maka ba, na yi kuka a ɗakin Inna har ta kore ni.

Baba Cindo ma bai yi murna ba. Shi a ganinsa dabara ce ta 'yar boko don damina ta wuce shi. Ka ga na haɗa su a kan abu ɗaya, dukansu suna fushi da ni.

Ban tsaya ba. Na ɗauko Gwaggo Hassana muka je wurin liman, Malam Ƙadri. Shi kam har ajiyar zuciya ya yi, ya ce babu limamin da yake son ɗaukar Alƙur'ani zuwa gona tsakanin wa da ƙane. Shi ya yi wa mai gari magana. An tsayar haka: kowa ya shuka inda ba a jayayya, kwarin a bar shi. In ruwa ya sauka, ganye ya samu lokacin fitowa, a je a duba. In ba a ga komai ba, Baba ya dafa a ranar. Baba ya yarda don girman liman, ba don ni ba.

Na ga shawararka, wai in janye, maganar manya ce, kada in ɓata da mahaifina a kan albasa. Malam, kai ne ka shekara kana koya wa 'ya'yan mutane babin gaskiya. Yanzu ta zo ƙofar gidan surukinka sai ka ce in rufe faifai? Na san don tausayina ka faɗa, shi ya sa ban yi fushi sosai ba. Amma ba zan janye ba.

Karatu yana tafiya. Na kai inda yake cewa aikin mutum ba ya ƙwato gaskiya da ƙarfi ba ne, ya ba abu wuri ne ya nuna kansa yadda yake. Da farko na ɗauka lalaci yake koyarwa. Yanzu na gane babu aikin da ya fi wannan wuya. Ka ce wa manomi ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe, ga iri a hannu, amma ya tsaya ya kalla! Ni ma malama ce, na san yadda bakina yake ƙaiƙayi in ɗalibi yana laluben amsa. Na kai randa da faifai aji, yaran sun yi dariya, amma da na ba su aiki sai na ga sun kama, har sun fi ni saurin kamawa.

Sai dai ina da ƙorafi a kan mutumin naka. Yana rubutu kamar wanda bai taɓa samun uban da ya juya masa fuska ba. Ya faɗi yadda gaskiya take fitowa, bai faɗi wanda take faɗowa a kansa ba. Kuma ni na san gaskiya ta Allah ce tun kafin a haifi kakan Bajamushe. Abin da na karɓa a wurinsa shi ne yadda ake yin tambaya.

Bari in faɗa maka tsorona a fili. In albasar ta mutu, na ɓata da Baba a banza, kuma rantsuwar tana nan. In ta fito ta bi bayan Baba Cindo, ni ce na raba mahaifina da kwarin da ya noma tun yana saurayi. Ko ta ina akwai ɗaci. Amma na auna, na sake aunawa, gara ya rasa kwarin da ya dafa a kan kuskure. A kan wannan zuciyata ba ta rawa.

Safa ta fara tsayawa da kanta, tana dafa kujerarka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Hafsatu


Tasawa, watan Yuli

Baban Safa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Barka da damina, ko da yake ku can sai dai ku ji labari. Ina fatan kana lafiya kuma kun gama gyaran takardun jarrabawa. Mu lafiya lau. Yaranmu sun rubuta, sun fito suna murmushi, sauran na Allah ne.

Ka nemi wuri ka zauna, takardar yau ba ta tsaye ba ce.

Ruwan shuka ya sauka, Maijirgi duk ta fita gona. Aka shuka gabas, aka shuka yamma, kwarin yana tsakiya tsirara. Masu wucewa da amalanke suna tambaya ko gonar 'yar boko ce, wadda ake shuka littafi. Ciyawa ta fara fitowa, na je na duba, babu komai sai ciyawa. Na dawo jikina a sanyaye, amma ban nuna wa kowa ba. Aka sake yin ruwa mai yawa. Sai ga kiran Inna, ta ce in bar duk abin da nake yi in taho.

Na tarar da rabin gari a gona. Tun daga nesa na hango albasar. Ganye mai faɗi, kore shar, ya ɗara ciyawar tsawo, tushe bayan tushe, sun jeru kamar sahun salla. Gwaggo Hassana tana tsaye a kai tana kuka tana dariya, tana cewa ga ƙaiƙayinta nan ya fito.

Baban Safa, layin bai bi ta wurin Baba ba. Bai ma tsaya inda Baba Cindo ya nuna ba, ya wuce shi ya ƙara yin yamma. Kwarin duka na Baba Cindo ne, har da ɗan abin da bai nema ba. Daga arewa layin ya miƙe sosai har tsakiyar gona, sai ya ɓace a inda ruwa ya taɓa yin zaizaya. Daga nan zuwa hanyar amalanke babu ko tushe ɗaya.

Baba ya bi layin a hankali, hannunsa a baya, yana duba kowane tushe. Da ya kai na ƙarshe sai ya zauna a ƙasa, cikin jiƙaƙƙen rairayi, da farar rigarsa. Can mai gari ya yi gyaran murya ya ce sharaɗi dai sharaɗi ne, inda ganye ya nuna an gama, inda bai nuna ba Malam Manzo, wato Baba, yana da damar dafawa. Liman yana gefe da Alƙur'ani a naɗe cikin gafaka, kansa a sunkuye.

Baba ya ce ba zai dafa ba. Ya ce har safiyar nan yana ganin surin nan a inda ya nuna, kuma ko yanzu in ya rufe ido a can yake ganinsa. Wanda zuciyarsa ta yi masa haka, in ji shi, ba shi da hannun dafa Littafi. Sai ya dubi ƙanensa ya ce ya ja sauran da ƙafarsa, duk inda ya ja ya yarda. Baba Cindo ya ce a'a, Yaya ne babba, shi zai ja. Baba ya daka masa tsawa irin ta da, ya ce ana sa shi aiki yana musu? Baba Cindo ya cire takalmi ya fara ja. Hawaye sun rufe masa ido, layin ya fito a karkace, nan ya shiga nasa, can ya shiga na Baba. Babu wanda ya ce a gyara.

Baba ya aika gida aka kawo iri daga rumbunsa. Ya ce kwarin ya makara, kada a ƙara masa kwana. Baba Cindo ya ɗauki sungumi yana sara, Baba yana bin sa a baya yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, wa yana bin ƙane, a gonar da ta tashi daga hannunsa. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Na yi zaton in abin ya fito zan ji daɗin nasara. Na gode wa Allah, ƙwarai kuwa, kuma ko yau aka sake sai in yi abin da na yi. Amma daɗi ban ji ba. A ranar na ga Baba ya tsufa. Mutumin naka ya faɗa a wani wuri cewa duk abin da ya fito fili, wani abu yana komawa duhu a bayansa. Na karanta wurin tun watan jiya na wuce, na ɗauka ado ne na magana.

Da la'asar na shirya komawa. Baba yana zaune a ƙofar gida a kan buzunsa, ƙafafunsa duk laka. Na durƙusa na yi sallama, ban sa ran amsa ba. Sai ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, tunda ni ce mai karatu, in gaya masa: in surin da ya rantse wa kansa da shi shekara da shekaru ba a nan yake ba, to sauran abin da yake tunawa fa? Ya ce tun ɗazu yake ƙoƙarin ganin fuskar mahaifinsa, yana gani, amma yanzu bai sani ba ko ita ce.

Na ɗauko buta na tsuguna a gabansa. Ya miƙo hannun dama, na zuba masa ruwa, ya daɗe yana wanke shi. Sannan ya ce Allah ya yi mini albarka, in gaida maigidana.

To ga gaisuwar na isar. Ka taho da wuri in an ba ku hutu, ina son mu je ka gaishe shi tare. Safa tana barci, da na sa ta dangwala maka hannu.

Wassalam.

Matarka,
Hafsatu